Tsibirin da Babu Shi a Taswira: Tsofaffin Kaya da Begen Jiya a Fim ɗin Moonrise Kingdom

Hausawa na cewa wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Sai dai akwai wani irin tunawa da karin maganar bai yi lissafi da shi ba, wato na mutumin da ke begen wata shekara wadda ta shuɗe tun ba a haife shi ba. An haifi Wes Anderson a 1969 a birnin Houston na jihar Taksas, ƙasar zafi da man fetur da manyan hanyoyin mota. Fim ɗinsa na bakwai, Moonrise Kingdom, wanda ya buɗe bikin fina-finai na Kan a watan Mayu na 2012, labarinsa na faruwa ne a farkon Satumba na 1965, a wani tsibiri mai dazuzzuka a arewa maso gabashin Amurka, inda ko hanyar kwalta ɗaya babu. Sunan tsibirin New Penzance, kuma duk wanda ya neme shi a taswira zai gaji ya bari. Ƙirƙirar sa aka yi, aka zana masa taswira da hannu, aka raɗa wa kowane lungu nasa suna.

Labarin ba shi da wuyar faɗi. Sam Shakusky maraya ne ɗan shekara 12, ɗan sikawut a wani sansanin babban hutu mai suna Ivanhoe, kuma babu wanda ke son sa a cikin ƴan rukuninsa. Suzy Bishop tsararsa ce, ƴar lauyoyi biyu waɗanda aurensu ya daɗe da yin sanyi. Sun haɗu shekara guda kafin nan a bayan dandalin wata majami'a, ana wasan Noye's Fludde na Benjamin Britten, wasan waƙe a kan jirgin Annabi Nuhu da Ruwan Ɗufana, ita tana cikin shigar hankaka. Suka yi ta musayar wasiƙu har suka sa ranar gudu. Sam ya huda tantinsa, ya rufe hudar da taswira, ya sulale. Daga nan kowa ya shiga nemansu: iyayen Suzy, da ɗan sanda Kyaftin Sharp, da shugaban sansani Ward tare da yaransa, da wata ma'aikaciyar gwamnati wadda ba ta da wani suna sai sunan ofishinta na kula da jin daɗin jama'a. Wata babbar guguwa kuma tana tafe, an sanar da mai kallo ranar zuwanta tun a farkon fim.

Amma wanda ya kalli fim ɗin, bayan wata guda kayan da ke ciki ne za su fi tsaya masa a rai. Suzy ta gudu daga gida da akwati cike da littattafan da ta ɗauko daga laburare ba ta mayar ba, da madubin hangen nesa wanda ba ya barin wuyanta, da ƙaramin garmaho mai aiki da batir na ƙanenta, da faifan Françoise Hardy, da ƴar kyanwa a kwando, da almakashi na masu hannun hagu. Sam kuwa yana da hular fatar dabba, da tukunyar taba ta totuwar masara, da ƴar bindigar iska, da lambobin ƙwarewa ɗinke a rigarsa, da wani abin ado na mahaifiyarsa da ya maƙala a ƙirji. Littattafan Suzy guda shida babu su a kowane kanti na duniya: Anderson ne ya ƙaga sunayensu da ƴan layukan da ake karantawa daga cikinsu, aka ba masu zane daban-daban aikin bangonsu, cikinsu har da abokiyar zamansa Juman Malouf. Rubutun da aka jera sunayen ƴan wasa da shi, mai zanen haruffa Jessica Hische ce ta tsara shi don wannan fim kaɗai. Ƙungiyar sikawut ɗin ma ƙagaggiya ce, da tufafinta da tutocinta da tambarinta. Adam Stockhausen ya tsara dandali, Kasia Walicka-Maimone ta yi sutura, Robert Yeoman kuma ya ɗauki hoto da zaren fim mai faɗin milimita 16 a lokacin da mafi yawan masu sana'ar ke komawa ga kyamarar zamani, domin hoton ya fito da ɗan ƙura-ƙura da launin rawaya irin na hotunan da suka kwana shekara hamsin a ƙasan adaka. A jihar Rhode Island aka yi aikin, wani sashe a sansanin sikawut na gaske mai suna Yawgoog, wanda aka kafa a 1916.

Tara kaya ɗabi'ar mutumin ce. Bayan fim ɗinsa na farko, Bottle Rocket na 1996, ya ga kayan da aka yi aiki da su sun watse, ya ƙudura cewa daga nan gaba shi zai riƙa adana su. Abin da ya tara shi ne aka baje a Cinémathèque française ta Paris a 2025, daga baya kuma a gidan nune-nunen ƙira na Landan. A 2018 ma gidan tarihi na Kunsthistorisches a Biyana ya buɗe masa ɗakunan ajiyarsa, shi da Malouf, suka zaɓo ɗaruruwan abubuwa suka jera su yadda suka ga dama. Saboda haka zargin da ake yi masa tun tuni yana da tushe: ana cewa fina-finansa gidan ƴartsana ne, mutanen ciki kuma kaya ne da aka jera su a kanta. Buɗewar wannan fim ma kamar amsa laifi ce, domin kyamara na zagaya gidan su Suzy ɗaki bayan ɗaki, daga dama zuwa hagu, daga sama zuwa ƙasa, tamkar an cire bangon gaba an bar mai kallo yana leƙe. A littafinsa na 1968, Le Système des objets, Jean Baudrillard ya nuna cewa mai tara kaya yana raba abu da amfaninsa, ya sa shi a jeri, kuma a ƙarshe kansa yake tarawa. In haka ne, Moonrise Kingdom ba zai wuce kantar wani attajiri mai ɗanɗano ba.

To amma akwai wuraren da kayan ke sauka daga kanta su yi aiki, kuma a nan ne fim ɗin ya fi ƙarfi. Almakashin nan na Suzy, da aka nuna shi cikin jerin kayan tafiya kamar abin dariya, da shi ta soki wani yaro a kwiɓi lokacin da ƴan sikawut suka rutsa su a daji. A wannan faɗan ne kibiya ta kashe karen sansanin, aka nuna gawarsa a ƙasa ba tare da kiɗan tausayi ba. A bakin teku Sam ya haɗa wa Suzy ƴan kunne da ƙugiyar kamun kifi da busassun ƙwari; da yake kunnenta ba hudajje ba ne, ya huda shi da ƙugiyar, jini ya gangaro mata a wuya, ita kuwa ta juyo masa da ɗaya kunnen. Wannan shi ne aikin hannu mafi muhimmanci a fim ɗin, kuma ba shi da kyan da za a sa a gilashi: kyauta ce ta wanda ba shi da kuɗi, ba shi da dangi, sai abin da ya koya a sansani. Haka ma ƴar ƙasidar da Suzy ta tsinto a saman firijin gidansu, wadda ke koya wa iyaye yadda za su yi da yaro mai matsala. Bangonta an tsara shi da irin kulawar da aka yi wa sauran kayan, da haruffan zamanin da launinsa, amma abin da take faɗa wa yarinyar shi ne iyayenta sun riga sun yanke mata hukunci a ɓoye. Abin adon da ke ƙirjin Sam kuwa, shi da kansa ya san na mata ne. Yana sa shi ne don shi kaɗai ya rage masa daga uwarsa.

Ke nan yaran biyu suna magana da kaya ne saboda bakinsu bai iya ɗaukar abin da ke cikinsu ba. Duk malamin da ya taɓa ganin ɗan kwaleji yana ɓoye wata tsohuwar wasiƙa a tsakiyar littafin lissafi ya san wannan harshe. Manya ma haka suke. Laura Bishop da lasifikar hannu take kiran ƴaƴanta cin abinci a cikin gida ɗaya. Mijinta Walt, da abin ya ishe shi, sai ya fita ba riga, kwalba a hannu ɗaya gatari a ɗayan, ya ce zai je ya sare itace. Ward, wanda Edward Norton ya fito a matsayinsa, kowane dare yana faɗa wa rakoda rahoton yini, kuma da aka tambaye shi ainihin sana'arsa ya ce malamin lissafi ne, daga baya ya gyara ya ce shugaban sikawut ne, koyarwar ce ta gefe. Malamai da dama za su yi dariyar wannan gyara, dariyar da ba ta rasa ɗaci.

Sansanin babban hutu shi ne gadon bayan fim ɗin, kuma yana da tarihin da ya kamata mai karatu ya sani, domin tun asalinsa begen jiya ne ya haife shi. A 1881 Ernest Balch ya kafa sansanin Chocorua a wani tsibiri na tafkin Squam, a jihar New Hampshire, don ƴaƴan masu hali waɗanda ake tsoron zaman birni da otal-otal na hutu zai lalata su. Ana kai su daji su dafa abincinsu, su wanke kayansu, su tuƙa kwalekwale, wato su kwaikwayi wata rayuwa da kakanninsu suka riga suka baro. Masaniyar tarihin gine-gine Abigail Van Slyck ta sa wa littafinta na 2006 a kan waɗannan sansanoni suna mai ma'anar dajin da aka ƙera, kuma sunan ya faɗi gaskiya. A 1902 Ernest Thompson Seton ya kafa ƙungiyar samari wadda ke aron shiga da sunaye da al'adun ƴan asalin Amurka; a 1907 Baden-Powell ya yi sansaninsa na gwaji a tsibirin Brownsea na Ingila; a 1910 aka kafa ƙungiyar sikawut ta Amurka. Don haka idan Anderson ya yi begen sansanin 1965, yana begen wani abu ne wanda shi ma kwaikwayo ne na wani abin da ya gabace shi. Faransawa suna da nasu, colonie de vacances, sai dai nasu ya fi karkata ga kai ƴaƴan talakawan birni su sha iska mai kyau, ba ga wasan zama mutanen daji ba.

A nan ne rauni na farko yake. Hanyar da Sam da Suzy suka bi cikin daji, an ce tsohuwar hanyar ƙaurar wata ƙabila ce mai suna Chickchaw. Ƙabilar ƙagaggiya ce, kamar littattafan Suzy, kuma matsayinta a fim ɗin bai wuce nasu ba: suna mai daɗin ji, da zane a jikin tanti, da gashin tsuntsu a kan yaro. Alhali ƙasar da aka kafa kyamara a kanta tana da masu ita. Narragansett suna nan a Rhode Island har yau. A watan Disamba na 1675 sojojin Turawa ƴan kama-wuri-zauna suka ƙona sansaninsu a cikin fadama suka kashe ɗaruruwa, har da mata da yara, kuma sai a 1983 gwamnatin tarayya ta amince da su a hukumance. Ana iya kare Anderson da cewa yana nuna al'adar sansanonin ce yadda take, da aronta da wautarta. Amma fim ɗin da ya san ya sa jini a kunnen Suzy ya bar wannan aro ba ko ƙwarzane, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Rauni na biyu ya fi girma, ya shafi shekarar kanta. A 1965 ne sojojin ruwan Amurka suka sauka a Da Nang ta Biyetnam, a watan Maris. A watan ne aka yi wa masu tattakin neman ƴancin zaɓe dukan kawo wuƙa a Selma. A Agusta aka sa hannu a dokar ƴancin zaɓe, kuma a cikin watan unguwar Watts ta Los Angeles ta kama da wuta, makonni kaɗan kafin ranar da Sam ya huda tantinsa. Babu ko amon ɗaya daga cikin waɗannan da ya tsallaka ruwa ya isa New Penzance. Yaran da ke fareti da kaki a Ivanhoe, bayan shekara shida za su kai shekarun shiga soja, kuma mai kallo da ya san tarihi yana iya karanta wannan a fuskokinsu. Sai dai shi ne ya kawo karatun daga gida, fim ɗin bai ba shi ba. Wani abu kuma ya zo daga baya wanda ya canza yadda ake kallon tantunan nan. A Oktoba na 2012, wata biyar bayan Kan, bisa umarnin kotun ƙoli ta jihar Oregon, aka fitar da dubban shafuka na takardun sirri na ƙungiyar sikawut ta Amurka a kan manyan da aka zarga da cin zarafin yara, kuma takardun sun fara ne daga 1965 zuwa 1985. A 2020 ƙungiyar ta shiga kotun fatara, mutum fiye da 82,000 suka shigar da ƙorafi. A 2025 ta canza suna. Ba laifin Anderson ba ne da ya ƙagi tasa ƙungiyar, kuma ba kowane fim ne aka ɗora wa ɗaukar dukan nauyin zamaninsa ba. Amma sansanin da mafi munin abin da babba zai yi wa yaro a cikinsa shi ne ya tsawata masa don bai gyara kakinsa daidai ba, sansani ne da aka share sosai kafin a buɗe wa baƙi ƙofa.

Duk da haka ba za a ce fim ɗin bai san haɗarin ƙawata wahala ba, domin ya sa wannan gargaɗi a bakin yaron da kansa. Suzy, wadda littattafanta cike suke da marayu masu sihiri, ta ce wa Sam ta sha fatan a ce ita marainiya ce, don rayuwar marayu ta fi armashi. Sam ya dube ta ya ce yana son ta, amma ba ta san abin da take faɗa ba. Mutanen da ke riƙonsa sun riga sun ce kada ya dawo, ko da yake labarin bai iso masa ba tukuna, kuma matar nan mai shuɗiyar riga tana tafe da maganar gidan kangararru da jinyar wutar lantarki. Wannan ƴar amsa ita ce sukar fim ɗin ga kansa, kuma ta fi duk wadda masu sharhi suka yi masa kaifi. Kiɗan ma yana wannan aiki. An buɗe da faifan Britten wanda ke koya wa yara yadda ake warware babbar ƙungiyar makaɗa kashi-kashi a sake haɗa ta, kuma haka aka yi da mutanen tsibirin: an raba su, an ji kukan kowa shi kaɗai, ruwa ya tara su a majami'ar da ta zame musu jirgin Nuhu.

Wanda ke son ya ga abin da kanta ba ta iya ɗauka, sai ya ajiye wannan fim kusa da L'Enfance nue na Maurice Pialat, na 1968. Shi ma labarin yaro ne da ake miƙawa daga gidan riƙo zuwa wani a arewacin Faransa, shi ma yana da zalunci ga dabba da kyautar da yaro ya saya da ɗan abin hannunsa. Amma a wurin Pialat bangon ɗaki bango ne kawai, rigar yaron kuma wadda aka samu ce. Babu mai fita daga wannan fim yana sha'awar sayen fitilar da ya gani a kan tebur. Daga Moonrise Kingdom kuwa mutane da yawa sun fita da wannan sha'awa, kasuwa kuma ta amsa musu: tsofaffin akwatuna da garmaho da lambobin sikawut da tutocin sansani sun sami masu nema, aka yi ta shirya bukukuwan aure da tallan tufafi da launin rawaya da kaki, ba tare da ƙugiya ko kibiya ba.

Mai kallo na Maraɗi ko Damagaram yana da dalilin yin murmushi a nan. Tsohuwar rigar da ake ware wa a Turai da Amurka a ce ta zama abin tarawa, ƴar uwarta ce ake ɗaurewa a dila a turo ta kasuwa da sunan gwanjo. Abin da ya raba su shi ne idon mai tantancewa da aljihun mai saye. Yaron da ya ƙera mota da kara ko da gwangwanin madara da guntun silifa, ya fi Sam iya aikin hannu, kuma ranar da aka miƙa masa ta roba daga kanti zai jefar da tasa bai waiwaya ba. Sai abu ya daina zama dole yake komawa abin bege. Fim ɗin da aka kashe masa kimanin dala miliyan 16 don komai ya fito kamar wani yaro ne ya haɗa shi a gida, yana magana ne da mutanen da suka daɗe da daina gyara abin da ya lalace. Akwai kuma rawar da yaran suka yi a bakin teku da waƙar Hardy ta 1962, wadda malami zai so ya gani shi kaɗai kafin ya yanke shawarar nuna fim ɗin a aji.

Wurin da Sam da Suzy suka kafa tantinsu, a taswirar tsibirin ba shi da suna sai lambar nisa, abin da ya sa suka raɗa masa nasu. Mai ba da labari, dattijon nan mai jar riga da ke magana kai tsaye da kyamara, ya sanar cewa guguwar ta shafe wurin, daga baya ma aka cire shi daga taswira, amfanin gona kuma ya yi albarka a kaka ta gaba fiye da yadda aka taɓa gani. Sam ya koma hannun Kyaftin Sharp, ya cire kakin sikawut ya sa ƙaramin kakin ɗan sanda, wanda shi ma an ɗinka shi daidai jikinsa da lambarsa da hularsa. Yana zuwa gidan su Suzy a ɓoye ya yi zane, in an kira cin abinci ya fice ta taga. Da ya fita, kyamara ta juya kan allon zanen, sai ga ɗan lungun tekun nan da tanti a bakinsa, da sunan da suka ba shi rubuce a kan rairayi.